select_related ko prefetch_related: wanne za ka ɗauka a Django?

Django kayan aiki ne na gina shafukan intanet da harshen Python, select_related da prefetch_related kuma hanyoyinsa biyu ne na kwaso bayanai masu alaƙa daga rumbun bayanai. Wani shafin jerin ɗalibai ne ya sa na fara kula da wannan batu. Ɗalibai 200, kowanne da sunan ajinsa a gefe. A kwamfutata shafin na buɗewa nan take, amma da aka ɗora shi a intanet sai ya riƙa jan ƙafa. Da na leƙa Django Debug Toolbar, kayan aikin da ke nuna abin da shafi yake yi a bayan fage, sai ga tambayoyi 201 zuwa rumbun bayanai: ɗaya ta kwaso ɗaliban, sauran kowacce ta je neman aji ɗaya. Matsalar N+1 ke nan, tamkar ka aiki yaro kasuwa sau 200, kowane zuwa ya sayo tumatir guda.

Idan kowane ɗalibi aji ɗaya gare shi, wato alaƙar ForeignKey ko OneToOneField, ɗauki select_related. Yana haɗa teburan biyu, na ɗalibai da na azuzuwa, da JOIN, wato umarnin haɗa tebura a rumbun bayanai, komai ya zo a tambaya ɗaya. Illarsa ita ce bayanan ajin suna maimaituwa a layin kowane ɗalibi, don haka in teburin na ɗauke da dogon rubutu, rage kayan da only(), mai ɗauko ginshiƙan da ka zaɓa kawai.

Amma ɗalibi ɗaya yana ɗaukar darussa da yawa, kuma a nan select_related ba ya aiki sam. Sai prefetch_related, wanda ya shigo a Django 1.4 a 2012. Shi tambaya ta biyu yake aikawa, ya kwaso darussan duk ɗaliban a tashi ɗaya, sannan Python ya raba wa kowa nasa. Tambayoyi 2 maimakon 201. Sai dai duk abin da ya kwaso yana zama a ƙwaƙwalwar na'ura, to ka raba jerin shafi-shafi in ya yi tsawo.

Akwai tarkon da ke kama mutane da yawa. Ka yi prefetch_related lafiya lau, sai kana bin ɗaliban ɗaya bayan ɗaya ka kira filter() don tace darussan kowane ɗalibi. Django zai yi watsi da abin da ya riga ya kwaso, ya koma rumbu sau 200. Maganin shi ne ka yi tacewar tun farko da Prefetch, wanda ake sakawa a cikin prefetch_related, aka kuma ƙara shi a Django 1.7, ka ajiye sakamakon da to_attr, wato ƙarƙashin sunan da ka zaɓa.

A shafin nan nawa duka biyun na haɗa, aji da select_related, darussa da prefetch_related. Na kuma sa assertNumQueries(2), mai tabbatar da cewa tambayoyi biyu ne kacal, a gwaji, don duk ranar da wani ya taɓa shafin tambayoyi suka ƙaru, gwajin ya faɗi kafin masu amfani su ji a jikinsu.