Wata shida da ƙwayoyin BPaLM a hannuna

Ni na yi jinyar ƙanena lokacin da gwajin kaki ya nuna tarin fukarsa ya bijire wa rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka. Da na ji sakamakon sai gabana ya faɗi, domin na ga yadda tsohon magani ya yi da kawunmu: kusan shekara biyu yana sha, ga allura wata da watanni. Tarin ya tafi, amma ya tafi da kunnensa. Har yau sai an ɗaga murya yake ji.

Shi kuwa ƙanena ba a yi masa allura ko ɗaya ba. Ƙwayoyi iri huɗu aka haɗa masa, haɗin da ake kira BPaLM: bedaquiline, pretomanid, linezolid da moxifloxacin, na mako 26. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar wannan haɗi a 2022. Bedaquiline ne ya fi burge ni. Likita ta bayyana mini cewa yana toshe inda ƙwayar cutar ke samar wa kanta ƙarfi, sai ta mutu kamar fitilar da mai ya ƙare mata. An amince da shi a Amurka a 2012, bayan fiye da shekara 40 ba a samu sabon nau'in maganin tarin fuka ba. Pretomanid ya biyo baya a 2019, daga ƙungiyar TB Alliance wadda ba don riba take aiki ba.

Kafin wata biyu gumin dare ya daina jiƙa masa matashi, wandon da yake ɗaurewa da igiya ya fara zama a ƙugunsa. Na yi kuka ranar.

Amma linezolid ya wahalar da shi. A wata na huɗu ya ce mini, "Yaya, tafin ƙafata kamar ina taka ƙaya." Jininsa ma ya ragu, sai da likita ta sake duba adadin da yake sha. Ga kuma zaryar gwajin bugun zuciya saboda bedaquiline. Da zan isa ga masu haɗa magunguna, roƙona ɗaya ne: su samo abin da zai maye gurbin linezolid.

Duk da haka, wanda likita ya ba wannan haɗin, ina roƙonsa ya shanye har ƙwaya ta ƙarshe, ko da ya ji sauƙi da wuri. Kakin ƙanena ya fito babu cuta, alhamdu lillahi, ya koma aiki, yana jin kirana daga ɗaki na biyu. Yatsun ƙafarsa dai har yanzu suna masa zugi da daddare.