Tsofaffin takardun yankan ɗinki na gwanjo: wanne ya cancanci a saya a Zariya

Telan Zariya ya saba da tef da alli. Zai auna mutum, ya shimfiɗa yadi a kan tebur, ya zana, ya sa almakashi. Shi ya sa idan ambulan ɗin Simplicity ko McCall's, kamfanonin Amurka masu buga takardun yankan ɗinki, ya faɗo daga kwalin tsofaffin littattafai a Samaru, ko daga cikin tarkacen gwanjo a kasuwar Sabon Gari, sau da yawa mai sayarwa bai san me ke hannunsa ba. Hoton mace ne da riga a waje, a ciki kuma wata takarda ce shara-shara mai ruwan ƙasa, an ninke ta sau da dama. Wannan takardar riga ce cikakkiya, an fitar da kowane ɓangarenta da girmansa na gaske: gaba, baya, hannu, wuya, aljihu. A ɗora a kan yadi, a kafe da fil, a yanka. Ba kullum ake samun su ba. Jefi-jefi suke fitowa, wasu kuma daga akwatunan tsofaffin malaman koyar da ɗinki da girki da suka yi aiki da su a aji shekaru da dama da suka wuce. Amma duk wanda ya damu da yadda hannun riga ke zama a kafaɗa, ko yadda kwala ke kwanciya ba ta tashi, bai kamata ya wuce su ba.

Sana'ar ta tsufa. Ebenezer Butterick ne ya fara sayar da irin wannan takarda mai girma-girma a Amurka a 1863, McCall ya biyo a 1870, Vogue ta shigo a 1899, Simplicity a 1927. Burda ta Jamus mujalla ce da Aenne Burda ta kafa, ta fara fitowa a 1950, daga 1952 kuma aka riƙa saka babbar takardar zane a tsakiyarta. Waɗannan biyar su ne za a fi cin karo da su, sai Style ta Ingila nan da can.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin masu saye shi ne yarda da lambar girma da ke jikin ambulan. Lamba 14 ba abu ɗaya ba ce a kowane zamani. Kafin 1956 tana nufin ƙirji inci 32. Daga 1956 ta koma inci 34. Daga 1968, da kamfanonin suka sake tsarin awonsu, ta zama inci 36. Wato ambulan uku masu lamba ɗaya za su iya ba da riguna uku da bambancin inci huɗu tsakanin ta farko da ta ƙarshe. A manta da lambar, a nemi inda aka rubuta awon ƙirji da ƙugu da kwankwaso da inci, yawanci a gaban ambulan ko a bayansa. Kuma tsofaffin girma ɗaya tak suke ɗauke da shi. Masu layukan girma uku ko huɗu a takarda ɗaya sai daga baya suka yawaita.

Ko awon ƙirjin ma yana da tarko. An zana waɗannan riguna ne a kan jikin da cikar ƙirjinsa ta ɗara awon saman ƙirji, wato wanda ake ɗauka ta ƙarƙashin hammata, da kamar inci biyu kacal, tsayin mace kuma kamar ƙafa biyar da inci biyar zuwa shida. Idan bambancin mai rigar ya kai inci huɗu aka zaɓi takarda da awon cikar ƙirji, kafaɗa za ta zubo, wuya ya yi hamma. Gyaran shi ne a zaɓa da awon saman ƙirji a ƙara masa inci biyu, sannan a tsaga takardar gaba a buɗa ta a wurin ƙirji, a faɗaɗa dat, wato ɗan tsuke yadi da ake ɗinkewa don riga ta bi siffar jiki. Idan kuwa gaba ɗaya rigar ce ta yi kaɗan, a raba abin da ake nema gida huɗu, domin takardar gaba rabin gaba ce, ta baya ma rabin baya. Ana neman ƙarin inci biyu, sai a ƙara rabin inci a kowane gefe. Ya wuce haka, kada a tara ƙarin duka a gefe, domin ramin hannu zai lalace. A kwafe takardar, a tsaga kwafin daga kafaɗa zuwa ƙasa a wuri biyu ko uku a rarraba ƙarin, a tuna kuma an taɓa ramin hannu to dole a taɓa kan hannun.

A ganina, wanda ya fi dacewa da kasuwarmu shi ne Simplicity da McCall's na shekarun 1970. A lokacin ne Turawa suka rungumi dogayen riguna masu faɗi, irin bubu da kaftani, masu dogon hannu da rufaffen wuya, kuma waɗannan ba sa buƙatar wani gyara mai yawa kafin matar Tudun Wada ko Kwarbai ta sa ta fita. Layukansu a buge suke sarai, kibiyar da ke nuna tsayin yadi tana nan, alamomin haɗi suna da lamba, takardar bayani kuma tana da zane mataki-mataki, wanda ko Turancin mutum bai yi nisa ba zai bi hotunan. Akwai wani rukunin Simplicity da ake kira Jiffy, mai manyan ɓangarori biyu ko uku kawai. Ga yarinyar da ta fara koyon keke, ban san abin da ya fi shi ba. Aibinsu shi ne wasu an yi su ne don yadi mai talewa, kuma an rubuta hakan a bayan ambulan, wani lokaci har da ɗan ma'auni a gefe na gwada talewar yadin. Irin wannan idan aka yanka shi da atamfa ba zai shiga jiki ba, domin ba a bar masa sarari ba, wani ma ko zif babu.

Vogue ta fi kowa kyan yanka, ta kuma fi kowa wahala. Rukuninta na Paris Original, wanda ya fara a 1949, zane ne na manyan gidajen ɗinkin Faransa irin su Dior da Givenchy da Yves Saint Laurent, kuma riga ɗaya kan zo da ɓangarori masu yawa, da shafi, da aikin hannu a ciki. Ƙwararren tela zai ƙaru da ita ƙwarai, musamman a kwat da kwala. Ɗan koyo zai ɓata yadi ne kawai. Wajen sake sayarwa kuwa, ita ce mai daraja, balle idan ɗan ƙyallen tambarin da ake ɗinkawa a wuyan riga yana nan cikin ambulan.

Burda ce ta fi arha idan aka lissafa, domin mujalla ɗaya tana ɗauke da riguna da dama, har da na yara. Amma kafin a biya, a buɗe tsakiyarta. Idan an cire babbar takardar nan mai layuka ja da kore da shuɗi da baƙi a kan juna kamar taswirar hanyoyi, abin da ya rage hotuna ne kawai. Ba a yanka wannan takarda, kwafa ake yi: a nemo lambar ɓangaren a gefen takarda, a bi launinsa, a zana. Awonta na santimita ne, lamba 38 ƙirji santimita 88, lamba 40 santimita 92, lamba 42 santimita 96. Babban abin da ke kayar da mutane a nan shi ne alawus, wato sararin da ake bari tsakanin layin ɗinki da bakin yadi. Takardun Amurka sun riga sun haɗa da alawus na ɗinki, yawanci kashi biyar cikin takwas na inci, kimanin santimita ɗaya da rabi. Na mujallar Burda ba su da shi sam. Wanda ya yanka a kan layi, rigarsa za ta matse ta ko'ina, kuma ba ta da magani. A ƙara santimita ɗaya da rabi a kowane ɗinki, huɗu a kalmasa. Akasin haka ma yana faruwa: telan da hannunsa ya saba ƙara alawus da ka ya ƙara a kan Simplicity, riga ta fito kamar ta aro.

Akwai kuma waɗanda ba a buga komai a jikinsu ba, na shekarun 1930 da 1940 har zuwa cikin 1950. Takarda ce da ba rubutu ko layi, da aka riga aka yanke, sai 'yan huji manya da ƙanana da ke nuna dat da tsayin yadi da inda za a ninka. Ma'anar hujin tana cikin takardar bayani, kuma kowane kamfani da nasa tsarin. Bayanin ya ɓata, takardar ta zama kurma. Waɗannan na masu tarawa ne, ba na shagon da ke cike da ɗinkin Sallah ba.

Batun yadi yana son natsuwa. Jadawalin bayan ambulan yana ba da yawan yadi gwargwadon faɗinsa: inci 35 ko 36, inci 44 ko 45, inci 54 ko 60. Atamfa ta fi kusa da layin 45, shi za a duba. Amma yawancin atamfa zanenta yana da sama da ƙasa, don haka ba za a juya wani ɓangare kai ƙasa don tsimin yadi ba, in ba haka ba fure zai kalli sama a gaba ya kalli ƙasa a baya. A ɗauki adadin da aka ware wa yadi mai fuska ɗaya, a ƙara rabin yadi don daidaita zane. Gajerun rigunan shekarun 1960 kuma sai an ƙara musu tsawo, kuma ba a ƙasa ake ƙarawa duka ba. Akwai layi biyu a jere a tsakiyar takardar, nan ake yankawa a buɗa, sannan a daidaita gefe. Turmi mai yadi shida yana isar yawancinsu har a fitar da ɗankwali, ban da manyan siket masu baza na shekarun 1950, waɗanda kan lashe kusan turmin gaba ɗaya. Rigunan da ake yankawa a karkace, masu bin jiki suna zuba, ba su jituwa da taurin atamfa ko shadda. Su yadi mai laushi suke so.

A wurin saye, aikin minti biyar ne ke raba riba da asara. A fito da takardar bayani, a nan aka zana dukkan ɓangarorin da lambobinsu ko haruffansu. A ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka fi ɓata su ne ƙanana: shafin wuya, bakin hannu, aljihu, ɗamarar ƙugu. Shafin wuya ana iya sake zana shi daga jikin rigar, amma hannu ko gaban riga idan babu, a ajiye. Wadda ba a taɓa buɗewa ba ana gane ta da ninkinta na kamfani, a daddale, lafe kamar sabuwar takardar kuɗi. Irin wannan kada a warware ta a kasuwa, domin ba ta komawa yadda take kuma darajarta a ninkin take. A sunsuna ambulan. Warin rima yana nufin ta sha damina a ɗaki mai laima, kuma za ta shafa wa sauran. A duba hujin gara da kashin kyankyaso a kusurwoyi.

Sanin shekarunta yana taimakawa wajen sa kuɗi. McCall's ta saba buga shekara a jikin ambulan, Simplicity ma a ambulan ko a ƙasan takardar bayani. Lambar rigar ba hujja ba ce, domin kamfanonin suna maimaita lambobi. Idan farashin Ingila da sule da kwabo aka rubuta shi, an buga ta kafin canjin kuɗinsu na 1971 ko daf da shi.

Yanayin Zariya ba ya tausaya wa wannan takarda. Hunturu yana busar da ita har ta riƙa karyewa a kan ninki, damina ta kawo rima. A goge ta da dutsen guga na lantarki a mafi ƙarancin zafi, ba ruwa, ba tururi. Na gawayi kada ya kusance ta, tartsatsi ɗaya ya isa. Kada a liƙe yagewa da salatif, domin yana rawaya, yana narkewa a ƙarƙashin guga, ya manne ninki da ninki. A kwafe kowane ɓangare a kan takarda mai kauri, ko takardar buhun siminti da aka kakkaɓe aka goge, a kwashe duk alamomi, a rubuta suna da lamba, a yi aiki da kwafin. Asalin a sa shi a busasshiyar leda, a jera a tsaye cikin akwatin ƙarfe, nesa da bango da ƙasa.

Wanda ke son sake sayarwa kada ya ɗauka abin da zai riƙe gida ne. A kasuwannin intanet na waje irin su eBay da Etsy akwai masu neman su sosai, Etsy ma sai abu ya shekara 20 take karɓarsa a matsayin tsohon kaya, amma kuɗin aika ambulan ɗaya daga nan yakan cinye ribar takarda ta gama-gari. Sai Vogue mai sunan babban mai zane ce za ta iya ɗaukar nauyin tafiyarta. Masu saye na kusa su ne ɗaliban zanen tufafi da na koyon tattalin gida a ABU da tsohuwar FCE da ta koma Jami'ar Ilimi ta Tarayya, da masu makarantun koyon ɗinki, da telolin mata masu son sabon salon hannu ko wuya. Su ba ruwansu da kyan ambulan, cikar ɓangarori da awo suke tambaya. A ɗauki hoton gaba da baya a sa a WhatsApp, a rubuta awon ƙirji da inci, a faɗi ko an taɓa yanka ta, a faɗi abin da ya ɓata idan akwai. Ƙananan awo, inci 30 zuwa 32, su ne suka fi yawa kuma suka fi daɗewa a hannu, gara a haɗa su uku-uku a sayar wa masu koyarwa. Daga inci 38 zuwa sama ba su cika fitowa ba, kuma su ne matan nan za su iya sawa ba tare da an tsaga takarda ba, don haka idan an samu ɗaya cikakkiya, a kwafe wa shago tukuna kafin a sa mata kuɗi.