Alƙalamin Pigma Micron da katunan da nake aikawa daga Kaduna

Duk ɗalibin zane da ke sha'awar yin ƙananan zane-zane a kan kati ya aika wa mutane ta gidan waya, shawarata ita ce ya fara neman alƙalami mai kyau kafin ya kashe kuɗinsa a kan fenti mai tsada. Wanda nake aiki da shi tun zangon karatun da ya wuce shi ne Pigma Micron, na kamfanin Sakura da ke Osaka a ƙasar Japan. Na gamsu da shi ƙwarai, kuma dalilin gamsuwar tawa guda ne: tawadarsa idan ta bushe, ruwa ba ya motsa ta.

Katin da nake zane a kai ɗan ƙarami ne, santimita 10.5 a faɗi da 14.8 a tsawo, wato girman katin gaisuwa da aka saba aikawa. Ina fara fitar da siffa da fensir, in bi ta da alƙalami, sannan in shafa fentin ruwa a sama. A wannan mataki na uku ne wasu alƙaluman jel da makar da ake sayarwa a shagunan littattafai suke ba da kunya. Da burushi mai laima ya taɓa layin, baƙin zai narke ya gauraya da launin, sararin samaniyar da aka so ya fito shuɗi sai ya koma ruwan toka. Abin da ke jawo haka shi ne tawadarsu rini ce da ke narkewa a ruwa. Ta Micron kuwa ƙwayoyin launi ne ƙanana ƙwarai da ke maƙalewa a jikin zaren takarda, kuma tun 1982 kamfanin ya fito da ita. Wannan ne kuma ya sa ba ta saurin koɗewa idan kati ya daɗe a jingine kusa da taga.

Inda na fi ganin amfaninsa shi ne ranar da na zauna a wurin shaƙatawa na Gamji ina zana tsohuwar gadar ƙarfe ta Lugard, wadda aka kafa a Zungeru a 1904 aka kuma dawo da ita Kaduna a 1954. Gadar duk ƙarafa ce da suka sarƙe da juna, a kan kati kuma tazarar da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe ba ta kai faɗin ƙwayar shinkafa ba. Da lamba 005, mai baki milimita 0.20, na fitar da su ɗaya bayan ɗaya ba tare da layi ya hau kan ɗan'uwansa ba. Na ɗan dakata, sannan na jiƙa burushi sosai na ja kore a bayan gadar, na bi ta kan ƙarafan kai tsaye. Ko ɗigo bai tashi ba. Wanda bai taɓa ganin aikin awa biyu ya lalace a shafa ɗaya ba, ba zai gane irin sanyin da na ji a raina ba a lokacin.

Lambobin da ke jikin alƙalamin suna nuna kaurin baki: 01 milimita 0.25 ne, 03 kuma 0.35, sai 05 da ke 0.45, da 08 mai 0.50. Na sayi jerin gaba ɗaya, amma biyu ne suke ɗaukar kusan duk aikina. 01 don fuska da ninkin tufafi da ganyen bishiya, 05 don gefen siffa da rubuta adireshi. Shi 005 sai aikin da ya matse sosai irin na gadar can nake ciro shi.

Baki mai wannan sirantaka ba ya son a danne shi, kuma takarda tana da nata hannu a cikin tsawon ransa. Takardar fentin ruwa mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita ita ce ba ta saurin lanƙwashewa idan ta jiƙe, to amma iri biyu ce, akwai mai kaushi akwai mai santsi. Mai kaushin tana ba launi kyau, sai dai tana cinye bakin kowane siririn alƙalami a hankali. Wani kundin kati mara suna da na samu a kasuwa ya yi kaushi har layi yana yankewa a kansa, bayansa kuma yana tsotse tawada ya baza ta. Yanzu mai santsi nake saya babban falle, in yanka da kaina. Ya fi arha, aikin kuma ya fi fita. Wajen goge fensir ma a bar tawadar ta bushe tukuna, a kuma bi a hankali da magogi mai laushi.

Yanayin garinmu yana shiga cikin lissafin. Da hunturu komai nan take yake bushewa, har fentin yakan riga ni gama shafa shi, don haka murfin alƙalami ba abin barinsa a buɗe ba ne ko na ɗan lokaci. Da damina, musamman a watan Agusta, sai an ƙara haƙuri kafin a kawo burushi kusa da layi.

Su masu wannan fasaha ta aika zane ta gidan waya, wadda Ray Johnson na birnin New York ya shahara da ita a shekarun 1960, suna ɗaukar kan sarki da hatimin gidan waya, har da ɗan lanƙwasar da kati ya samu a hanya, a matsayin wani ɓangare na aikin. Shi yakan ma aika zane ya nemi wanda ya karɓa ya ƙara nasa ya tura gaba. Ina son wannan tunani, shi ya sa da rani nake aika katin haka nan ba ambulan. Amma fentin ruwa, saɓanin tawadar, yana sake narkewa idan ya jiƙe. Saboda haka da damina sai in sa katin a ambulan, in yi wa ambulan ɗin ado da alƙalami kawai: dagi a kusurwa, zanen lalle yana kewaye adireshi, wani lokacin Keke Napep yana tafe a ƙasan sunan mai karɓa. A nan ne kuɗin alƙalamin yake fita sau biyu, domin ko yayyafi ya taɓa ambulan, adireshin zai karantu, adon ma yana nan.

Na aika wa gwaggona da ke Gusau wani kati da na zana mai shayin bakin layinmu a Tudun Wada, da tulin burodinsa da gwangwanayen madara a jere. Da ya isa ta kira ni ta ce, "'Yar nan, har butar tasa kika sa? Allah ya yi miki albarka." Na ce, "Amin Gwaggo, ki duba da kyau za ki ga ƙwai ma a gefe." Ƙwan nan bai fi kan allura girma ba a katin, kuma ta gan shi. Alƙalami mai zubar da tawada ba zai iya ba ni wannan ba.

Malamanmu kan ba mu labarin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a Zariya a 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko, waɗanda suka dage sai fasahar gida ta shiga aikinsu. Okeke ya gina nasa a kan layukan uli, wato zanen gargajiya na jiki da bango na ƙasar Ibo. Mu ma muna da namu layukan a lalle da ɗinkin hula da adon bangon gidajen da, kuma duk aikin siririn layi ne mai buƙatar baki tsayayye. Tunda na samu alƙalamin da ke bin hannuna yadda nake so, na fi samun ƙarfin gwiwar shigo da su.

Maganar kuɗi kuwa, ba arha gare shi ba ga ɗalibi, tunda daga waje ake shigo da shi, kuma ba a yi shi don a sake ɗura masa tawada ba. Sannan jabu ya yi yawa. Wata ƙawata ta yi odar jeri guda a intanet a farashin da bai kai rabin na shago ba, da muka gwada sai tawadar ta fito ruwan toka, ta kuma narke da taɓawar burushi ta farko. Idan mai shago ya yarda, a ja layi a guntun takarda, a jira minti ɗaya, a shafa jiƙaƙƙen yatsa a kai kafin a biya. Wanda kuɗinsa bai kai na jeri ba ya sayi 01 da 05 kawai, ko kuma su haɗa kuɗi su biyu ko uku su sayi jerin su raba, kamar yadda wasu 'yan ajinmu suka yi.