Masu ɗaukar bidiyo na Gombe ku yi hattara, an damfare ni naira 197,000 a kan lens

Kwana huɗu ina juya maganar nan a raina, in faɗa ko in yi shiru, saboda kunya. Amma wallahi shirun ya fi ci na. Naira 197,000. Kuɗin adashin da na yi wata shida ina zubawa, na kwasa ranar Litinin, kafin Juma'a babu ko sisi.

Duk wanda ya san ni a Tudun Wada ya san shekarata tara ina ɗaukar biki. Ni ba yaro ba ne a harkar nan. Kyamarata Canon 80D ce, da lens 18-55 ɗin da ta zo da shi (gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara) nake fama. Wanda ya taɓa ɗaukar kamu a ƙaramin falo ya san wahalar: ka manna bayanka da bango, ka dawo da zum ƙarshe, amma rabin ƙawayen amarya suna waje. Dalili kuwa, a irin kyamarorin nan komai sai ka ninka shi da 1.6, wato 18 ɗin nan kusan 29 yake zama, kuma in lambar ta ƙaru faɗin hoto raguwa yake. Shi ya sa na daɗe ina neman lens ɗin Canon EF-S 10-18mm, mai faɗi, mai rage rawar hannu, fokas ɗinsa kuma ba ya ƙara a cikin bidiyo.

A wani zauren masu hoto a Facebook na ga wani mutum yana tallarsa. Muka koma WhatsApp. Ya ce yana Legas amma ɗan nan ne, har yana tambayata ko har yanzu ana cunkoso a babbar kasuwa. Malam, Malam yake ce min. Ya sa shi 185,000.

Ga abin da yake hana ni barci. Da farko wani lens mai tsada, 16-35, na tambaya, mai jan zobe, na gani a hotunansa. Sai ya ce, "Malam kar ka ɓata kuɗinka, wannan na manyan kyamarori ne irin 5D. A kan 80D ba zai ba ka faɗin da kake nema ba, ɗauki 10-18, ya fi araha kuma shi ne naka." Kuma gaskiya ya faɗa! Ku gaya min, wane ɓarawo ne zai hana ka sayen mai tsada ya tura ka ga mai araha? Nan zuciyata ta kwanta. Har yanzu ina jin muryarsa, "shi ne naka".

Kuma kar wani ya ce ban bincika ba. Na ce sai mun yi kiran bidiyo, muka yi. Ya ɗaga lens ɗin, na karanta 10-18mm da idona, na ga farar alamar nan mai kusurwa huɗu da ke jikin duk lens na EF-S, ya haska fitilar waya cikin gilashin, tas, babu fumfuna. Muna cikin magana aka kira la'asar a wajensa, ya ce bari ya yi salla ya dawo. Ya dawo kuwa. Me kuma ya rage in duba?

Na tura 100,000 ranar Talata. A'a, Litinin da dare ne, don Talata da safe ya turo hoton kwalin an naɗe da salatif da sunana a jiki. Sunan asusun ba nasa ba ne, na yi magana, ya ce na matarsa ne, nasa ya samu matsala. A nan ya kamata in tsaya, na sani. Amma Asabar ina da biki a Tumfure, na riga na yi wa uwar amarya alkawarin kowa zai fito a hoto. Na cika 85,000. Sai kuma 12,000 kuɗin mota. 100,000, da 85,000, da 12,000.

Kafin ma in cika, ƙanena da yake riƙe min fitila ya ce, "Yaya, a bari kaya su iso tukuna mana." Na ce masa mutumin ya san aiki, ba irin waɗancan ba ne. Yanzu ko ido ba na iya haɗawa da yaron.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci direba ya kira, na je tasha na karɓa. Direban ba ruwansa, kwali aka ba shi. Ban ma iya jira na kai gida ba, a kan babur na yanka salatif ɗin. Kwalin na 10-18 ne na gaske. A ciki kuwa tsohon 18-55 ne an naɗe da jarida, robar zum ta saki, gilashin ya yi fari da fumfuna kamar yanar gizo-gizo. Na ɗaura a kyamara, fokas ko motsi. Wanda nake da shi a jaka ya fi shi lafiya sau goma.

Na kira, ya ɗauka sau ɗaya, ya ce yaronsa ne ya yi kuskure wajen naɗi, zai gyara. Ko awa ɗaya ba a yi ba ya toshe ni. Tallar ma ya goge. Na je banki, na cike takarda, sun ce in jira. Bikin Asabar da tsohon lens ɗina na ɗauka, bayana a bango kamar kullum, naira 197,000 tana yawo a kaina.

Hotunan hirarmu duka suna nan, da shaidar tura kuɗin uku, da muryoyinsa. Zan sa su da daddare in na rufe lambobina. Na ji an ce ya canza suna yana tallar wani lens, Tokina 11-16, yanzu.

Kar ku tura ko kwabo sai lens yana kan kyamararku kun gwada. In sunan asusu ya bambanta, ku bar shi. Ni dai ban yafe ba, Allah ya isa tsakanina da shi.