Birki Mai Kama Ƙafa: A Gyara Kalifar Asali, A Sayi 'Yar Beljiyam, Ko Sabuwa?

Duk direban da ya taɓa tsayawa a bakin hanya saboda ƙaurin da ke tashi daga ƙafar motarsa, ya kai hannu kusa da wili ya ji zafi yana bugunsa kamar bakin murhu, ya san abin da ake nufi idan aka ce birki ya kama. Motar takan yi nauyi, ta riƙa ja gefe guda, ta sha mai fiye da ƙima, fad ɗin wannan ƙafa kuma, wato abin da ke gugar farantin birki ya tsayar da motar, ya cinye tun na ɗaya ɓangaren bai kai rabi ba. Abin da bakanike kan fara faɗa shi ne a sayo kalifa, wato ƙarfen da ke damƙe farantin birki, daga nan sai mai mota ya zaɓa tsakanin gyaran wadda ta zo da motar, da sayen 'yar Beljiyam, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, da sayen sabuwa fil.

Kafin a fitar da ko kwabo, akwai gwajin da ba ya cin minti goma. A ɗaga motar da jak bayan ta ɗan yi tafiya, a taka birki a saki, sannan a juya tayar da hannu. Idan ta ƙi juyawa, a sassauta ɗan notin da ake fitar da iska ta cikinsa a jikin kalifar. In man birki ya tsarto tayar kuma ta saki nan take, to kalifar ba ta da laifi, mai ne ya maƙale a bayanta, kuma sau da yawa tiyon roba ne ya ruɓe ta ciki, yana barin mai ya tafi amma ba ya barinsa ya komo. In ƙafafun duka ne ke kamawa, a duba masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa ƙafafu idan aka taka birki. In kuwa tayar ta ci gaba da cijewa, to fistin, wato ƙarfen da ke cikin kalifar yana tura fad, ya yi tsatsa, ko kuma sandunan da kalifar ke zamewa a kansu sun bushe. Rashin wannan gwaji ne ya sa na sayi kalifa har sau biyu saboda ƙafar gaba ta wata Corolla da na riƙe, wadda ta yi mini hayaƙi tsakanin Zariya da Kano, alhali tiyo ne ya lalace, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar abin da na kashe ba.

Idan laifin na kalifar ne, ni dai gyaran ta asali na fi so, domin an ƙera ta daidai da motar, kuma abin da ke mutuwa a cikinta 'yan robobi ne. Akwai zoben roba mai kusurwa huɗu da ke kewaye da fistin, wanda kan ɗan lanƙwashe idan aka taka birki, ya janyo fistin baya kaɗan idan aka saki. Idan ya tsufa ya ƙandare, sai fad ya zauna a jikin faranti yana gugarsa. Sai robar waje da ke kare ƙura, wadda da zarar ta yage ruwan damina da ƙurar hunturu ke samun ƙofa. Ana sayar da waɗannan a ƙulli ɗaya, ana kuma samunsu a wuraren kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna da Apo a Abuja. Sharaɗin kawai shi ne a ciro fistin a dube shi da kyau: idan tsatsa ta yi masa ramuka, a canza shi, kada a yarda a goge shi da samfefa a mayar. Haka kuma kada a shafa wa sandunan giris ɗin boris, domin yana kumbura roba. Na silikon ake nema, kuma ya kamata mai mota ya ga kwalinsa da idonsa.

Sabuwa ta kamfani irin su ATE ko TRW ba ta da aibu sai tsada, mai arha marar suna kuwa ban ga dalilin ɗaura ta a ƙafar da ke ɗauke da iyali ba. 'Yar Beljiyam caca ce, tunda robobinta sun yi shekarun da naka suka yi.

Babbar damuwar ita ce ba duk abin da aka kira Beljiyam ne ya taɓa hawa jirgin ruwa ba. Kalifar farko da aka sayar mini cirar gida ce, an wanke ta da fetur an fesa mata fenti mai ruwan azurfa, har fentin ya hau kan robar ƙura, abin da babu masana'antar da za ta yi. Saboda haka a ɗaga robar a leƙa, a tura fistin a ga ko yana shiga sumul, a kuma tabbata ta ɓangaren da ake nema ce, domin idan aka ɗaura ta hagu a dama notin iska yakan koma ƙasa, iskar kuma ba za ta taɓa fita duka ba.

Jabun man birki ya fi wannan haɗari, domin ana tsintar tsofaffin gwangwanaye a ɗura musu abin da aka ga dama. Ƙa'ida ita ce sabon man birki mai lambar DOT 3 kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Celsius, DOT 4 kuma 230, amma idan ya sha danshi adadin kan sauko zuwa wajen 140 da 155, shi ya sa ba a sayen wanda aka riga aka fasa bakinsa. Idan kuwa an gauraya shi da baƙin mai ko man giya, duk robobin birkin za su kumbura, tun daga masta har ƙafafu, sai kamun ya dawo bayan an gama gyara. A ɗiga kaɗan a cikin kofin ruwa a gaban mai shagon: DOT 3 da DOT 4 na gaskiya sukan narke su bi ruwan, wanda aka gauraya kuwa sai a ga maiƙo yana yawo a sama.