Gargaɗi ga majami'un Kaduna: mai sayar da “ma'ajiyar bidiyo ta har abada” yana yawo

Salama a gare ku 'yan'uwa, musamman fastoci, dattawa, masu riƙe da kuɗin ikkilisiya, da matasan da ke tsayawa bayan kyamara kowace Lahadi. Ni ne sakataren wata majami'a a yankin Sabon Tasha, kuma da izinin dattawanmu nake wannan rubutu. Ba zan kama sunan mutumin ko na kamfanin da yake iƙirari ba, don maganar tana hannun hukuma, kuma mun ji cewa a kowane wuri da sabon suna yake zuwa. Yadda yake aiki ne bai canja ba, shi zan faɗa muku.

Tun kullen korona na 2020, lokacin da aka rufe wuraren sujada a jihar nan, muka fara watsa sujadarmu kai tsaye a Facebook. Bayan an buɗe ma ba mu daina ba, saboda tsofaffin da ƙafa ta hana su fitowa da 'ya'yanmu da ke Abuja, Legas da ƙasashen waje. Shekara biyar muna tarawa: wa'azi, ɗaurin aure, jana'iza, taron Zumuntar Mata, bikin godiya na kaka. A watan Fabrairun 2025 Facebook ya sanar cewa bidiyon da aka watsa kai tsaye kwana 30 kawai zai riƙa zama, tsofaffin kuma za a goge su idan mai shafi bai sauke su cikin wa'adin da aka ba shi ba. Hankalinmu ya tashi. A cikin wannan ruɗani mutumin ya shigo mana.

Wata Lahadi ya zo sujada, ya zauna a gaba, ya yi waƙa da mu, ya sa baiko. Da aka tashi ya durƙusa ya gai da Fasto, ya ce, “Baba, Ubangiji ne ya sa mini nauyin taimaka wa majami'u kada aikin shekaru ya salwanta.” Ya buɗe kwamfutarsa a ofis ya nuna mana shafukan majami'u uku da ya ce shi ya gina. Tayinsa shi ne zai gina mana shafin intanet, ya sauke duk tsofaffin bidiyonmu daga Facebook, ya ɗora su a “sabarsa” da ke Turai (saba ita ce babbar kwamfutar da ke ajiye kaya a intanet), babu talla, babu iyakar abin da za mu ɗora, kuma biya sau ɗaya ne har abada. Ya ce farashin naira 700,000 ne amma don aikin Allah ya bar mana a 450,000, muddin mun biya kafin ƙarshen mako, don dala na iya tashi. Duk wanda ya ga yadda dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024 ba zai yi masa musu ba.

Ɗaya daga cikin dattawanmu, tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri, ya ce, “Malam sakatare, banza ba ta kai zomo kasuwa. Wane haya ne ake biya sau ɗaya a zauna har abada?” Ni na lallashe shi. Ni na ce yaron ɗan'uwa ne cikin Ubangiji, mu ba shi dama. Wannan nauyi yana kaina, kuma na faɗa a gaban ikkilisiya. Muka tura kuɗin zuwa asusu mai sunan mutum, ba na kamfani ba. Ya ce asusun kamfanin “yana da 'yar matsala a banki”. Rasit ɗin da ya ba mu, kowane shagon buga takardu a Kasuwar Sabo zai iya yin irinsa.

Shafi ya fito, kuma ya yi kyau. Bidiyo suna buɗewa. Wata huɗu muna yabonsa, har Fasto ya ambace shi a taron fastoci, abin da ya fi damunsa yanzu ke nan. A wata na biyar ya kira ya ce saba ta cika, sai an ƙara 120,000. Na ce ba kai ka ce babu iyaka ba? Ya ce turawan ne suka canja doka. Muka biya, don duk tarihinmu yana hannunsa, na Facebook kuma an riga an goge.

Abin da ya tona asiri shi ne baiko. Akwai wuri a shafin da aka rubuta lambar asusun majami'a don masu son tura zakka ko gudunmawar gini. Wata 'yarmu da ke aikin jinya a Ingila ta kira mahaifiyarta ta tambaya ko an ga kuɗin rufin da ta tura. Ma'ajinmu ya duba, babu. Ta turo hoton shaidar biya, sai ga wata lamba dabam. Muka buɗe shafin: sunan majami'armu yana nan a sama, lambar da ke ƙasa ba tamu ba ce. Ba mu san ranar da aka canja ta ba, don babu ɗayanmu da ke da kalmar sirrin shiga shafin. Har yau muna bin membobi ɗaya bayan ɗaya muna tambayar wa ya tura, nawa, yaushe.

A daren nan wata yarinya daga ƙungiyar matasa, ɗalibar kimiyyar kwamfuta a Kadpoly, ta zauna ta leƙa bayan shafin. Minti goma bai cika ba ta ce, “Baba sakatare, babu wata saba. Duk bidiyon nan a YouTube suke.” Ya buɗe tasha da imel ɗinsa, ya ɗora bidiyonmu a matsayin waɗanda ba sa fitowa a bincike sai mai adireshinsu, sannan ya liƙa su a shafin ya rufe alamar YouTube da tambarinsa. Naira 570,000 muka biya a kan abin da kyauta ne ga kowa. Sunan shafin ma, wato adireshin da ake rubutawa a shiga, da sunansa ya yi rajistarsa. Mun bincika sunan kamfanin a shafin binciken CAC, hukumar rajistar kamfanoni, wanda kowa zai iya dubawa da wayarsa ba tare da biyan ko sisi ba, babu shi.

Da muka kira shi, sai murya ta canja. Babu sauran “Baba”. Ya ce in muna son tashar da shafin, mu kawo 300,000. Dattawa suka ƙi. Kwana biyu bayan haka shafin ya ɗauke, bidiyon suka ɓace, layukansa biyu suka daina shiga. Ofishin da ya rubuta a rasit, a Barnawa, mun je, shagon ɗinki ne, kuma telan bai taɓa jin sunansa ba.

Ina so ku fahimci dalilin da ya sa alkawarin nan ba zai taɓa zama gaskiya ba, don ko ya zo muku da wata fuska ku gane shi. Bidiyo kaya ne mai nauyi. Awa ɗaya mai matsakaicin kyau, abin da masu kyamara ke kira 720, yana cin gigabait biyu da ɗoriya; mai 1080 ya haura uku da rabi. Sujadarmu awa uku ce. Ku lissafa Lahadi 52, ban da taron tsakiyar mako da na farkawa, za ku ga shekara ɗaya ta wuce gigabait 300. Na'urar da ke riƙe da wannan kaya tana shan wuta dare da rana, ana biyan masu kula da ita, kuma duk lokacin da mutum ɗaya ya danna ya kalla, ana cajin mai ita kuɗin datar da ta fita. Kuɗi ne da ke fita kowane wata. Mutumin da ya ce zai ɗauke muku wannan har abada da biya ɗaya, ko dai a wurin kyauta ya ajiye kayanku ya kira shi nasa, ko kuma ya san ba zai daɗe ba.

Abin da muka koma yi yanzu, da shi ya kamata mu fara. Mun buɗe imel da sunan majami'a, kalmar sirrin tana hannun mutum uku: Fasto, ni, da shugaban matasa, an kuma rubuta ta an sa a ambulan cikin akwatin takardun majami'a. Da wannan imel muka buɗe tashar YouTube. Sabuwar tasha ba ta karɓar bidiyon da ya wuce minti 15 sai an tabbatar da ita da lambar waya. Da an yi haka tana karɓar har awa 12 ko gigabait 256 a bidiyo ɗaya. Watsa kai tsaye ma kyauta ne, sai dai a karon farko ana jira kamar awa 24 kafin a buɗe, don haka kada ku bari sai safiyar Lahadi. Liƙa bidiyon a shafin majami'a aikin minti biyu ne.

Akwai gaskiya ɗaya a bakin mutumin, kuma da ita ya kama mu: YouTube na iya sa talla a bidiyonku ko ba ku nema ba, kuma bayan wa'azi yana iya nuna wa mai kallo abin da bai dace da ɗakin sujada ba. Haka kuma in kuka sa waƙar wani mawaƙi daga faifai a lokacin baiko, na'urarsu na iya kama ta a kan haƙƙin mallaka. Majami'ar da wannan ya dame ta ƙwarai, akwai kamfanoni irin su Vimeo da ke ajiye bidiyo ba talla, amma da dala ake biya, wata-wata ko shekara-shekara, kuma kowane mataki yana da iyakarsa a rubuce. In za ku bi wannan hanya, ku biya kamfanin kai tsaye, asusun ya kasance da imel ɗin majami'a. A ganina, ikkilisiyar da ke tara kuɗin rufi da na man janareta ba ta da dalilin biyan dala a kan wannan. Mu yanzu wa'azin kaɗai muke yankewa mu ɗora, minti arba'in zuwa awa ɗaya, sannan mu cire muryar zalla mu tura a WhatsApp. Awa ɗaya ta murya wajen megabait 30 ce, kuma ita ce iyayenmu mata suka fi saurara, don datarsu ba ta kai ta bidiyo.

Sunan shafi kuwa, masu ƙarewa da .ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da su, kuma tana da jerin kamfanonin da ta amince su yi rajista. Kowace shekara ake sabuntawa, kuɗin .org.ng bai kai na buhun shinkafa ba. Ko wa zai gina muku shafi, ko ɗan Fasto ne, rajistar ta kasance da suna da imel na majami'a, ku shiga da kanku ku gani da idonku kafin ku biya shi. Mai aikin kirki ba ya jin haushin wannan. Wanda ya ce “ku bar mini, abin na masana ne”, ku sallame shi. Lambar asusun da ke shafinku kuma, wani ya riƙa duba ta kowane mako, a kuma sanar a kan bagade cewa lambar da ma'aji ya bayar ita kaɗai ce.

Ku sayi faifan ajiya biyu na waje, irin masu terabait ɗaya ko biyu, a kwafe kowane bidiyo a kansu kafin a ɗora ko'ina. Ɗaya a ofis, ɗaya a gidan wani dattijo. Da mun yi haka, da kuɗi kawai muka rasa.

Mun kai ƙara wurin 'yan sanda, mun rubuta wa bankinmu, mun kuma kai takardar koke ofishin EFCC na Kaduna tare da shaidar biya, hotunan hirarmu da shi da lambobin asusun biyu. Mun samu labarin ya je wata majami'a wajen Gonin Gora da wata a Narayi. In ya karɓi kuɗinku, kada kunya ta sa ku yi shiru. Ku adana duk saƙonninsa, ku kai naku koken, don yawan masu ƙara ne ke sa a bi asusun da sauri. In kuma bidiyonku suna hannunsa har yanzu suna buɗewa, ku sa matasanku su sauke su tukuna kafin ku nuna masa kun gane.

Roƙo na ƙarshe ga membobinmu, na gida da na waje, kun san majami'ar da nake nufi. A cikin abin da ya ɓace akwai wa'azin ƙarshe na tsohon Fastonmu da ya huta da jana'izarsa. Mama, matarsa, ba ta iya karatu sosai ba, amma jikarta kan buɗe mata wa'azin ta ji muryarsa. Lahadi uku ke nan tana tsayar da ni a bakin ƙofa tana cewa, “Ɗana, an samo muryar Baba?” Duk wanda ya taɓa sauke wannan bidiyo a wayarsa, ko guntu ne, ko muryar kaɗai ce, don Allah ya kawo ofis bayan sujada mu kwafa.