AncestryDNA: in sunan uba kake nema, taswirar nan mai launi ba za ta ba ka ba

Yawancin masu sayen kit ɗin nan na gwajin DNA na kamfanin Ancestry don taswirar suke saya, wai kashi kaza na jininka daga yankin kaza, a ɗauki hoto a tura wa abokai. To ni ba ita ta kai ni ba. Kakata ta wajen uwa an haife ta ne mahaifiyarta ba ta da aure, takardar haihuwarta wajen sunan uba fili ne fetal, kuma waɗanda suka san maganar duk sun rasu da ita a cikinsu. In irin wannan ne ya kawo ka, ga yadda na ga abun.

Gwajin kansa ba wuya. 'Yar kwalba ce za ka tofa miyau har ya kai layi, kar ka ci komai ko ka sha minti 30 kafin nan, ka yi rajistar lambar kwalbar a shafinsu, ka aika, bayan wasu makonni sakamako ya fito. Ba kowace ƙasa suke kai kit ba dai, ka duba kafin ka sa rai.

Inda kuɗinka yake shi ne jerin dangin jini, wato mutanen da su ma suka yi gwajin aka ga DNA ɗinku ya haɗu. Kamfanin ya fara wannan harka a 2012 kuma mutum sama da miliyan 20 ne a rumbunsu, babu wanda ya kai su yawa, kuma a wannan neman yawa shi ne komai. Kowane mutum za ka ga lamba a gefensa, cM suke cewa, ma'aunin yawan DNA ɗin da kuka haɗa ke nan. Uba da ɗa wajen 3,400 ne, kaka da jika ko 'yan uba wajen 1,700, ɗan baffa ko ɗan kawu wajen 850, haka yake ta raguwa kusan rabi-rabi. Shi ya sa nake cewa kar ka fara da kanka. Wanda ya fi kowa tsufa a layin shi za ka lallaɓa ya tofa, ni mahaifiyata ce ta yi, don ita jikar mutumin da muke nema ce, kusan kashi 25 na jininta nasa ne, ni kuwa rabin haka kawai na samu.

Sai aikin gaske, wanda tallarsu ba ta faɗa maka. Babu inda za a rubuto maka ga sunan kakanka. Kai ne za ka zauna ka ware waɗanda ka sani, dangin nan na wajen wane ne, waɗancan na wajen wance, akwai ɗigo masu launi da za ka riƙa liƙa wa kowane rukuni, to rukunin da ya rage wanda ba ka san ko mutum ɗaya a ciki ba amma duk suna da alaƙa da juna, nan ne gidan mutumin. Daga nan sai ka bi bishiyar zuriyarsu kana neman inda suka haɗu, ka gangaro kana duba wane namiji ne a gidan da shekarunsa suka dace kuma yana garin a lokacin. Akwai wata hanya ta jera su a tebur da wata mai binciken zuriya, Dana Leeds, ta fito da ita a 2018, ta taimaka min sosai. Abun yana cin dare fa, kuma ko ka kai gidan, in 'yan'uwa maza uku ne a ciki sai ka tsaya cak, sai in jikokin ɗaya daga cikinsu sun yi gwajin.

Takardun tarihi da ke shafin su ne ke rufe giɓin. Misali a Ingila daga 1875 an daɗe ba a sa sunan uba a rajistar yaron da iyayensa ba su da aure sai in shi uban ya je da ƙafarsa, don haka filin da aka bari ba ya nufin ba a san shi ba. Wani lokaci uwar sai ta saka sunan gidan mutumin a matsayin sunan tsakiya na yaron. A takardun ƙidaya kuma za ka ga an rubuta jariri a matsayin autan matar da ta haura 50, alhali ga babbar 'yarta budurwa a gidan, kai ma ka san zancen. Sai dai yawancin takardun nan da cikakkiyar bishiyar mutane sai ka biya kuɗin wata daban da na kit.

Abubuwan da ba su da shi: ba sa nuna maka a wane ɓangaren DNA kuka haɗu da mutum, ba sa karɓar sakamakon wani kamfani, kuma ba sa yin gwajin Y mai bin layin maza zalla, wannan sai wani kamfanin, FamilyTreeDNA. Amma kana iya sauke bayananka ka ɗora a can ko a GEDmatch, wani shafin kwatanta sakamakon DNA, ka dai karanta saitin sirri tukuna. Sannan yawancin waɗanda suka yi gwajin mutanen Amurka ne da Birtaniya da makamantansu, in danginka ba su da reshe a can jerin naka zai iya zuwa da 'yan nesa kaɗan kawai. Bishiyoyin da mutane suka ɗora ma kar ka haɗiye su haka nan, kwafar juna ake yi har da kurakuran.

Sai maganar tura saƙo. Wanda kake rubuta wa wataƙila bai taɓa jin cewa kakansa yana da wata 'ya a waje ba, kar ka buɗe da wannan, ka ce kawai ka ga kun haɗa jini kana son sanin ta ina. Wasu za su amsa, wasu shiru, wasu ma su ɓoye shafinsu, don haka ka ɗauki hoton abin da ka gani kafin ka yi magana. Kuma shi dattijon da zai tofa miyau ka gaya masa gaskiyar abin da zai iya fitowa, har da wanda ba shi kuke nema ba.

Tauraro huɗu cikin biyar na ba su. In ɓatan sunan bai wuce kaka ko kakan kaka ba, saya. In ya wuce nan jinin ya riga ya tsinke da yawa, gara ka fara da takardu.